Wutar da Ba Ta Cin Itace

Morrisania, Bronx
14 ga Mayu, 2023

Zuwa ga taubashina Tamimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Innarka can Jega. Yaya ƙafar tata? Mu nan lafiya lau. Sanyi ya tafi, maigidana Fataw yana ta fama da tasi, 'yarmu Shamima kuma an sa ranar aurenta, ƙarshen Satumba in Allah ya kai mu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Shamima ta ce saƙon muryata ya fi huɗubar Juma'a tsawo, ba mai jin ƙarshensa, shi ya sa na rubuta da hannu ta ɗauki hoto ta turo maka. Na san tun bikin da ya haɗa mu a Jega shekara goma sha tara ba mu sake ganin juna ba. Amma kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, ita ta bi fataken goro zuwa Kumasi, shi ya zauna gida yana gadin awaki. Don haka wasan da ke tsakaninmu gado ne, ko ka so ko ka ƙi.

Ga labari. Akwai wani tsohon Bature, Mista Harlan, da na yi shekara tara ina jinya, ina ɗaga shi ina kwantarwa. Bara ya rasu. Ashe ya rubuta a wasiyyarsa a ba ni filin da aka haife shi, eka huɗu, can yammacin jihar nan, tafiyar awa shida a mota. 'Ya'yansa sun ce ba su da abin yi da daji. Tamimu, shekara ashirin da biyu ina hawa na biyar a gidan haya, ko barkono sai a gwangwani nake shuka shi a bakin taga. Ranar da lauya ya miƙo mini takarda da sunana a kai, kuka na yi ta yi a jirgin ƙasa har wata mata ta ba ni ruwa.

To ba ma wannan ne labarin ba. Bayan kangon gidan akwai wani tsohon bututun ƙarfe a tsaye cikin ciyawa, yana ɗan huci kamar tayar da ƙusa ta huda. Fataw mutum ne da ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale shi. Ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya, ba hayaƙi. Mako na gaba ya sayo tiyo da murhu a titi na 116 ya haɗa. A kanta na dafa waache, wato shinkafa da waken da ku mutanen Jega ba ku iya ba. Tsohon ya sha gaya mini uwarsa ba ta taɓa sayen itace ba, daga bayan gida wutarta ke zuwa. Ni na ɗauka tsufa ne ke magana.

Na riga na gaya wa matan ƙungiyarmu ta masallaci. Mun yanke a can za a yi walimar Shamima, a kafa rumfa a kan murhun, tukunya uku manya.

Kai aka kai ka makaranta har Zariya don ka haƙo mai, ka ƙare a toshe rijiyoyin da maza suka haƙa. Ni da ban wuce aji shida ba, ga ni da tawa rijiyar. Abin da nake so a wurinka ɗaya ne: yaya za a yi wutar ta ƙara ƙarfi ta ishi tukunya uku?

Taubashiyarka mai gona,
Sumaya

Fatakwal
19 ga Mayu, 2023

Hajiya Sumaya, 'yar Zango,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, tana gaishe ki. Allah ya sanya alheri a auren Shamima. Na yi murna da gonar nan har cikin raina, kin ci guminki. Maganar awaki kuwa, da su aka sayi tabarmar da kakarki ta tafi da ita Kumasi, sai ki san yadda za ki yi mini magana.

Yanzu ki ajiye wasa ki saurare ni, don jibi zan shiga kan ruwa aiki na wata guda, inda babu sabis.

Ki kashe wutar nan. Ki cire tiyon. Kada kowa ya sake ƙyasta ashana a wurin, kada a kafa rumfa ko wani abu mai rufi a kai. Abin da kika samu tsohuwar rijiyar gas ce da aka watsar ba a toshe ba, wataƙila ta girmi kakanninmu. Abin da kike gani a sama ƙaramin abu ne. Ƙarfen ya yi zurfin da ya fi tsawon benenku sau ashirin, kuma shekarun nan duk tsatsa na cinsa a ƙasa. Iskar da ta samu hanya zuwa murhunki tana iya samun wata hanyar zuwa ruwan sha, ko ta taru a ƙarƙashin rumfa. Wadda ke fitowa daga ƙasa sau da yawa ba ta da warin nan na tukunyar gas, kamfani ne ke sa shi. Ki yi tunanin mata hamsin da yara a wurin.

Shekara uku da suka wuce an kira mu wani ƙauye a nan da irin wannan ta fara tsiyaya. Mutanen sun daɗe da sani, suka yi shiru. Kafin mu isa, sai da aka kwashe gida goma sha ɗaya, har yau wasu ba su koma ba.

Kowace ƙasa mai rijiyoyi tana da doka a kan yadda ake barinsu da yadda ake rufe su. Ki nemi hukumar kula da muhalli ta jiharku, ki gaya musu abin da ke gonarki. Shamima za ta samo miki lambar.

Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, mota na jirana.

Naki,
Tamimu

Morrisania, Bronx
28 ga Mayu, 2023

Malam Tamimu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata ruwan da ka shiga bai tafi da kai ba.

Na karanta takardarka sau huɗu. Na kawo maka farin ciki a faranti ka yayyafa masa ƙasa. Wutar dai mun kashe, kada ka ce ban ji magana ba. Ranar Lahadi a taron ƙungiya da na ce an fasa girki a kanta, wata ta ce dama ita ta san wuta ba itace sai a gidan aljanu.

Amma zancen hukuma, a'a. Kai da bakinka ka ce da aka kira ku ƙauyen nan kwashe mutane aka yi, har yau ba su koma ba. Wato abin da kake gaya mini a sakaye shi ne in na kira su, gonar ta tafi. Wani direba da suke jiran fasinja tare da Fataw a filin jirgi shi ma ya ce haka ne, za su zagaye wurin da waya su kafa allo, su ce tunda sunana ke kan takarda ni ce mai laifi. Kai ba ka san zaman ƙasar nan ba. Mu nan mun iya tafiya a gefen bango. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ɗaga waya na kira hukuma da kaina ba.

Tamimu, ban taɓa mallakar ƙasar da zan tsaya a kai in ce tawa ce ba, ko a Kumasi gidan gado ne mu goma sha bakwai. Na riga na ga inda zan shuka yakuwa. Ba zan iya miƙa wurin da hannuna ba.

Fataw ya kawo shawara. Ya ce a unguwarsu ta Aboabo can Kumasi in rijiya ta mutu ba a kiran kowa. A zuba duwatsu da ƙasa, a shafe baki da siminti, shi ke nan yaro ba zai faɗa ba. Ya sayo buhu uku suna bayan tasi, fasinjoji na ta tambaya ko gini yake. Asabar goma ga Yuni za mu je mu cike ta, tunda ai aikin naka ke nan, ba sai da digiri ba. In ba ka amsa ba kafin ranar, mun ɗauka ka yarda.

Sumaya

Fatakwal
19 ga Yuni, 2023

Yaya Sumaya,

Salamu alaikum. Yau na sauko daga kwalekwale, wayata na kamawa takardarki ta shigo. Kwana tara ke nan da Asabar ɗin da kika faɗa. Na kira ki sau shida ba ki ɗauka ba, lambar Fataw ba ni da ita. Ko ruwa ban sha ba na zauna rubutun nan. Don Allah ki ce mini kuna lafiya.

Ban yarda ba. In kun riga kun zuba, kada ku sake zuwa kusa, kuma kada ku sha ruwan wurin. Rijiyar ruwa in an cike ta ta mutu, don ba abin da ke turowa daga ƙasa. Wannan kuwa tana da numfashi. In an toshe mata baki kawai, iskar ba ta fasa tahowa, gefe take bi ta fito inda ba a zata ba. Duwatsun kuma su tare hanyar da za a bi a yi aikin gaskiya. Mu daga can ƙasa muke farawa. A share ramin, a tura siminti ta cikin bututu zuwa gindi, a jira ya kama, a gwada, sannan a hau mataki na gaba, a raba iskar da ruwan sha, har a iso sama.

Laifina ne da na ba ki labarin ƙauyen nan a tsaitsaye. Ba don sun kira mu aka kwashe su ba, don sun daɗe ba su kira ba ne. Ban san dokarku dalla-dalla ba, amma yanzu na duba abin da jiharku ta wallafa. Irin taki, wadda ba a san kamfanin da ya haƙa ta ba, marainiya suke ce mata, kuma roƙon masu filaye suke su faɗi inda suke. Ban ga inda aka ce a karɓe gonar wanda ya faɗa ba. Ki tambaye su da bakinki, in na yi kuskure ki zage ni har jikokina.

Kin ce ba sai da digiri ba. Na yi dariya, amma ya ɗan taɓa ni, don ba ke kika fara ba. Rijiya arba'in da ɗaya na rufe a rayuwata. Ɗan maƙwabcinmu injiniyan gada ne, in uwarsa za ta Birnin Kebbi sai ta sa direba ya rage gudu ta nuna wa fasinjoji. Ran nan Inna ta ce, "Kai fa Tamimu, ina naka aikin yake in je in gani?" Aikinmu in ya yi kyau ba a ganin komai, ciyawa ce kawai. Ta dube ni da tausayi ta ce Allah ya kawo wani aikin.

Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Ƙaninki,
Tamimu

Morrisania, Bronx
2 ga Yuli, 2023

Taubashina,

Salamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna nan lafiya, duka yatsunmu cif. Ranar da ka kira ina wurin aiki, tsohuwar da nake jinya yanzu ba ta son ƙarar waya. Na sa Shamima ta turo maka "lafiya" kamar yadda ka roƙa, kalma ɗaya. Sauran bayanin na riƙe shi ne don ka ɗan dahu, ladan ƙasar da ka zuba mini a faranti. Amma tunda ka kira ni Yaya, na huce.

Mun je ranar Asabar ɗin. Fataw ya tara duwatsu, ya kwaɓa siminti a baro. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ya kwanta a gindin bututun. Ina tsaye sai na ga ruwan yana ƙananan kumfa, ba a bakin ƙarfen ba, can gefe wajen taku uku.

Ka san Mista Harlan ya yi gyambon kwanciya a ƙugu, mai zurfi. Farkon zuwana na ga bakin ya fara haɗewa, na yi murna na gaya wa nas. Matar nan ta yi mini faɗan da ban manta ba. Ta ce gyambo mai zurfi in ya rufe daga sama, ciki ne ke ruɓewa ya ɓullo ta wani wuri. Ta koya mini cusa auduga har gindi kowace safiya, don naman ya taso daga ƙasa. Wata bakwai na yi ina wannan kafin ya warke.

Na ce wa Fataw, "Ajiye shebur ɗin nan." Ya ce, "Hajiya, simintin zai bushe fa." Na ce, "Ya bushe. Wannan gyambo ne, ba a rufe shi ta sama." Ya dube ni, ya dubi kumfar, ya je ya zuba simintinsa a ramin ƙofar shiga. Yanzu muna da dakali mai kyau.

Kira kuwa sai da takardarka ta zo na iya. Shamima ta buga lambar, na ce ta yi magana tunda Turancinta ya fi nawa. Ta ce da Turanci gonar wa ce, ta miƙo mini wayar. Na karɓa na faɗi sunana da kaina.

Ranar Litinin ɗin nan wata ma'aikaciya ta same mu a can, doguwa, da takalmin roba da wani ɗan inji mai ƙara in ya shaƙi iskar. A wurin kumfar ya yi ta kuka. Ta ce rijiyar ba ta cikin rajistarsu sam, yau ta shiga. Na daure na tambaye ta yaushe za su karɓe gonar. Ta ce, "Mu karɓa mu yi me da ita? Izininki muke nema mu shigo da motoci." Ashe ni ce zan sa musu hannu, Tamimu. Ni hukuma ke neman izini wurina. Ta ce akwai jerin jira mai tsawo, amma mai tsiyaya kusa da gida da ruwan sha gaba ake sa ta.

Da na ba ta labarin waache, ta rufe ido ta daɗe ba ta buɗe ba.

Taka,
Sumaya

Morrisania, Bronx
8 ga Oktoba, 2023

Injiniya Tamimu,

Salamu alaikum. Ka ga yau na ba ka sunanka. Muna lafiya sai gajiyar biki. An ɗaura auren Shamima a masallacinmu, ta tare a Tompkinsville, sai na hau jirgin ruwa in zan gan ta. Na gode da atamfar da matarka ta aiko.

Sun zo farkon Satumba da inji mai dogon wuya da motocin siminti, maza biyar. Na ɗauki hutun aiki na zauna a kujera daga nesa inda suka ce in tsaya, kwana tara. Duk abin da ka rubuta haka suka yi, kamar sun karanta takardarka. Sun ciro ruɓaɓɓen ƙarfe, har da guntun katako da wani ya cusa tun zamanin da. Shugabansu ya ce katakon nan kaɗai ya ci musu kwana biyu, da an ƙara da duwatsu da sai Allah. Fataw ya yi kamar bai ji Turanci ba.

Ranar ƙarshe suka haƙa gefe, suka yanke bututun can ƙasa yadda garma ba za ta taɓa shi ba, suka yi masa murfi da walda, suka mayar da ƙasa suka watsa irin ciyawa. Ma'aikaciyar nan ta zo da injinta ta zagaya, bai ce uffan ba. Ta ce kada in yi gini a daidai wurin, amma shuka in yi ta yi.

A gonar aka yi walima, mota tara da bas ɗaya daga Bronx. Da itace muka yi girki, Fataw ya yi kwana biyu yana faskare yana ambaton sunanka, ba da alheri ba. Na gayyaci ma'aikatan, uku suka zo da matansu. Shugaban ya ci waache da shito, wato yajinmu na Zango, yana gumi yana neman ƙari.

Matar nan mai zancen aljanu ta ce in nuna mata inda wutar take. Na kai ta, muka tsaya a kai. Ta ce, "Ai ba komai a nan." Na ce shi ne aikin. Yara na ta guje-guje a wurin, ni kuma na tuna da rumfar da na so kafawa, sai da na nemi wuri na zauna.

Gonar tana nan, sunana na kan takarda. Ka ce wa Inna ina da saƙo gare ta, amma sai baɗi.

Yayarka,
Sumaya

Jega
20 ga Oktoba, 2024

Yaya Sumaya,

Salamu alaikum. Na zo gida hutu, kowa lafiya. Ina taya ki murnar jika, Allah ya raya. Kin ce a waya maganar saƙon nan a takarda kike son ta, to ga ta.

Alhajin da kika ba wa saƙon, mai shago a titi na 116, ya iso Kano, ya sa ƙullin a motar Jega. Inna ta kwance a tsakar gida ta ga busasshiyar yakuwa. Ta ce yau ga abin mamaki, yakuwar da ke bayan ɗakinta ce za a aiko mata daga Amurka, lallai mutanen Kumasi har yanzu ba su da aikin yi.

Sai na karanta mata 'yar takardar da kika sa a ciki, inda kika ce a kan rijiyar kika shuka ta, kuma ba don ɗanta ba da babu gonar, wataƙila babu masu gonar. Ta sa na maimaita. Ta tambaye ni yadda ake toshewar, na fara kawo zancen siminti, ta ce in bar wannan. Na ba ta labarin gyambon. Nan take ta gane, har ta gyara mini bayani.

Ba ta bari kowa ya taɓa tukunyar ba, da sandarta ta tsaya ta yi fate. Ta aika gida bakwai, kwano mafi girma gidan uwar injiniyan gadar nan. Ni aka zuba wa a ƙarshe, kamar kullum.

Muna ci tana kallona. Shekarata hamsin da biyu, amma sai da na sunkuyar da kai. Ta suɗe hannu ta ce, "Ashe aikin naka ana cin sa."

Ta ce ki aiko da iri.

Ƙaninki,
Tamimu